Ragin Koɗewa Ba Na Gara Ba Ne

Zuwa ga Edita,

Na sayi kujera a wani kanti a Gusau, irin wadda a ke ajiyewa bakin ƙofa don a gani. Aka rage mini kuɗi domin rana ta koɗar da ita, na yarda. Da na kai ta gida Tsafe, ashe gara ta cinye cikin ƙafa guda. Mai kanti ya ce wai abin da aka saya da ragi ba ya komawa. Ina! Malamai sun fi ni sani, a Risala ɓoyayyen aibi ya kan ba mai saye zaɓin mayarwa. Dokar Tarayya ta kare mai saye, ta 2018, kuwa wata 3 ta ba shi. Jibi zan ɗora ta a mota.

Ni ne naka,
Wani Akawu, Tsafe.