Gida a Kan Tsaunukan Suwizaland: Jari ne ko Ƙawa?

'Yan uwa, dillalan gidaje kan yi wa masu hali tallar gidajen hutu a ƙauyukan tsaunukan Alps, irin su Zermatt da Verbier a yankin Valais na ƙasar Suwizaland, inda ake zuwa wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara. Hujjarsu ita ce irin waɗannan gidaje ba su da yawa, don haka ƙimarsu tana hawa. Da gaskiyarsu, amma ya kamata mu tambayi dalilin ƙarancin.

Dokar da ake kira Lex Koller, wadda aka zartar a 1983, ta taƙaita wa baƙi sayen gida a ƙasar. Sannan a ranar 11 ga Maris, 2012, 'yan ƙasar suka kaɗa ƙuri'a, da ƙaramin rinjaye na kashi 50.6 cikin ɗari, cewa duk ƙaramar hukumar da gidajen hutu suka haura kashi 20 cikin ɗari na gidajenta a daina gina sababbi. Me ya kai su ga haka? Gidaje ne a kulle mafi yawan shekara, har sukan kira su "gadaje masu sanyi", alhali ɗan ƙauyen da ke dafa wa baƙi abinci ya rasa ɗakin haya a mahaifarsa. A ganina, ribar da ta ginu a kan wannan ƙunci abar dubawa ce, ko da cinikin ya halatta.

Ita kanta ƙanƙarar ba ta da tabbas. A 2022 da 2023 kaɗai, daskararriyar ƙanƙarar tsaunukan ƙasar ta ragu da kusan kashi 10 cikin ɗari, kuma ƙauyukan da ba su da tudu sosai su ne farkon rasa baƙin hunturu.

Ga Musulmi kuma akwai ƙarin lissafi. Da yawa daga cikin masu saye a can da bashin banki mai ruwa suke saye, wannan kuwa riba ce. Wanda ya biya da kuɗinsa, niyyarsa ce ke fayyace zakkarsa. In don haya ya saya, zakka na kan kuɗin hayar idan ya kai nisabi ya shekara. In kuwa ajiyewa ya yi yana jiran farashi ya tashi, malaman Malikiyya suna kiransa muhtakiri: zai fitar da zakkar shekara guda ranar da ya sayar.

Wallahu a'alam.