Lokaci Ya Yi da Ofisoshin Gwamnati Za Su Koma Linux

A ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya daina gyara Windows 10 kyauta, ga shi kuma Windows 11 ba ta hawa kan tsofaffin kwamfutoci da yawa. Lafiyayyar na'ura ta zama tarkace ke nan saboda hukuncin kamfani guda. Shi ya sa nake ganin jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta yi dabara da ta yanke shawara a 2024 cewa kwamfutocinta kusan 30,000 za su koma LibreOffice da Linux, manhajojin da kowa ke iya leƙa cikinsu ya gyara, ba kuɗin lasisi.

Masu suka za su kawo misalin birnin Munich, wanda ya rungumi Linux sannan majalisarsa ta ja da baya a 2017. Gaskiya sauyin akwai wuya: magatakardan da hannunsa ya saba da Word zai yi ta laluben maɓalli, wata firintar ma ta ƙi bugawa. Amma wannan matsalar horo ce, horo kuwa yana ƙarewa, lasisi kuma kullum sabunta shi ake yi da kuɗin jama'a. Shaidar cewa sauyin yana yiwuwa ita ce jandarmomin Faransa sun haura shekara goma suna aiki da Ubuntu, wani nau'in Linux, a dubban kwamfutocinsu.