Lafiyar Iyali: Ba Kowane Mai Haki Ne Rago Ba

Mu malamai mun san wannan a filin wasa: yara biyu tsara guda, ɗaya ya kewaya fili sau biyar, ɗaya kuwa tun kewayen farko yana haki. Sau da yawa mukan ce masa rago. Mu yi hankali da kalmar nan.

Zuciya tsoka ce, an gina ta da ƙwayoyi ƙanana ƙwarai. A kowane bugu sinadarin kalsiyam yakan kwarara cikin ƙwayar, ta matse. A janye shi, ta saki. In ƙwayoyin suna matsewa da ƙarfi, suna saki da sauri, zuciya takan aika da jini mai yawa, mutum ya daɗe bai gaji ba.

A 1996 masana biyu a Amurka, Koch da Britton, suka fara haɗa ɓeraye masu juriyar gudu da junansu, marasa juriya kuma da junansu. A zuriya ta 11, masu juriyar suna gudun da ya ninka na sauran sau huɗu, ba tare da horo ba. Aka duba ƙwayoyin zuciyarsu, aka tarar sun fi aiki. Ashe ana gadon juriya.

Amma da aka horar da marasa juriyar, ƙwayoyinsu ma suka ƙaru da ƙarfi. Don haka mu bar yaro ya yi tafiya, ya buga ƙwallo, a ƙara masa kaɗan kaɗan, ban da gori. In yana suma ko ciwon ƙirji wajen gudu, mu kai shi asibiti maza.

Mu tuna da misalin talanti a Matiyu 25. Rabo bai zo daidai ba, amma an nemi kowa ya yi aiki da nasa.