Hunturun Garin Roros: Nasiha Ga Matashin Da Sanyi Ya Kulle A Ɗaki

Bismillahir Rahmanir Rahim.



Ya 'yan uwana matasa, musamman waɗanda neman ilimi ko neman abinci ya kai su ƙasashen sanyi, yau ina so mu tattauna a kan wata al'ada da ta zama ruwan dare a tsakaninmu. Da zarar watan Nuwamba ya kama, dusar ƙanƙara ta fara sauka, sai ɗan uwa ya shige ɗaki ya ja ƙofa. Daga aji sai ɗaki, daga ɗaki sai kanti, sauran lokacin kuwa na waya da kwamfuta ne, har watan Afrilu. In ka tambaye shi dalili, sai ya ce garin ƙarami ne, babu abin yi, ga shi sanyi ya yi yawa. Ra'ayina shi ne wannan uzuri bai karɓu ba, domin zaman ɗakin yana cutar da mai yin sa fiye da sanyin da yake gudu. Hujjata kuwa ita ce wani ɗan ƙaramin gari a ƙasar Norway mai suna Roros.

Roros yana kan tsaunuka ne kusa da iyakar Norway da Sweden, kuma mutanen cikin garin 'yan dubbai kaɗan ne. An kafa shi saboda haƙar jan ƙarfe da aka fara a 1644, aka ci gaba da yi har 1977. Tsofaffin gidajensa na katako suna nan, abin da ya sa hukumar UNESCO ta sanya shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1980. Yana daga cikin garuruwan da suka fi sanyi a ƙasar: a watan Janairun 1914 ma'aunin sanyi ya kai digiri 50 ƙasa da sifili. A ƙarshen Disamba kuwa, tsakanin fitowar rana da faɗuwarta bai wuce kimanin awa biyar ba. Mai karatu, in da akwai mutanen da ya kamata a yi wa uzuri su kulle kansu, ai su ne. To amma me suke yi?

Abu na farko da baƙo zai lura da shi a titunan garin shi ne wata 'yar kujera da suke kira spark. Kujerar katako ce da aka ɗora a kan dogayen ƙarafa guda biyu sirara. Mutum zai tsaya a bayanta, ya riƙe hannunta, ya ɗora ƙafa ɗaya a kan ƙarfe, ya riƙa tura ƙasa da ɗayar, sai ta yi ta sulɓi a kan ƙanƙara. Tsohuwa tana zuwa cefane da ita, uba yana ɗora ɗansa a kai, matasa suna tsere da ita. Ba ta shan mai, ba ta buƙatar malami, kuma wanda bai taɓa ganin ƙanƙara ba zai iya koyon ta a yini guda.

Na biyu shi ne tafiyar ski, wato dogayen alluna biyu da ake ɗaurawa a ƙafa, a riƙe sanduna biyu ana dogarawa. Da yawa daga cikinmu sun ɗauka wasan masu kuɗi ne, na gangarowa daga ƙololuwar dutse kamar yadda ake gani a talabijin. Wanda mutanen Norway suka fi yi shi ne na tafiya a fili da cikin daji, a hankali, kamar mai tattaki. Ana share masa hanyoyi na musamman, wasu har da fitilun lantarki, domin wanda ya tashi daga aiki bayan duhu ya yi ya samu ya motsa jiki. Na uku kamun kifi ne a tafkunan da suka daskare: a huda ƙanƙara, a zura ƙugiya, a shimfiɗa fata a zauna, ana shan shayi mai zafi ana jiran rabo.

Sannan akwai abin da ke tara jama'a. Tun daga 1854 ake cin wata babbar kasuwar hunturu a Roros, wadda ke buɗewa a Talatar da ke gaban Talatar ƙarshe ta watan Fabrairu, a yi kwana biyar ana ci a sararin Allah. Har yanzu akwai masu raya al'adar kakanninsu, suna tahowa kwana da kwanaki daga kwaruruka da ƙasar Sweden a kan amalanken ƙanƙara da dawakai ke ja, tamkar ayarin fatake. Dubun dubatar baƙi suna cika garin a wannan mako. A cikin watan ne kuma ake tseren amalanken karnuka mai suna Femundløpet, wanda aka fara a 1990, kuma zangonsa mafi tsawo ya haura kilomita 600. Masu tseren kaɗan ne, amma 'yan kallo da masu aikin sa kai suna fitowa su tsaya cikin sanyi suna raha.

Abin da ya fi jan hankalina a nan shi ne tsarin da ya sauƙaƙa wa talaka fita. A 1957 Norway ta rubuta wata tsohuwar al'adarta ta zama doka, wadda ta ba kowa 'yancin yawo a daji da tsauni da bakin ruwa, ko da filin mallakar wani ne, matuƙar bai yi ɓarna ba kuma bai kusanci gidan mutane ba. A lokacin hunturu ma, idan ƙasa ta daskare ko dusar ƙanƙara ta rufe gona, an halatta a ratsa ta. Bugu da ƙari, a garuruwa da dama akwai wuraren aron kaya na wata ƙungiya mai suna BUA, inda ake ba da aron ski da takalman ƙanƙara kyauta, kamar yadda ake aron littafi a laburare. Saboda haka ɗalibin da ya ce ba shi da kuɗi, ya fara tambaya tukuna ko akwai irin wannan a garin da yake. Ƙanƙantar gari ma taimako ce, domin daga ƙofar gida zuwa bakin daji tafiyar 'yan mintuna ce.

Wani zai ce: jikinmu bai saba ba, mu 'ya'yan rana ne. Gaskiya ne ba mu saba ba, amma fatar ɗan Norway ma ba ta ƙarfe ba ce. Sutura ya iya. Suna da wata karin magana da ke nuna cewa laifin ba na yanayi ba ne, na tufafi ne. Ana sa ulu a jikin fata, a ɗora wata riga mai kauri, sannan a rufe da wadda iska ba ta ratsawa. Auduga, wadda muka fi so a gida, ita ce matsala a can, saboda tana riƙe gumi, gumin kuma ya huce ya daskarar da mutum. Da wannan ilimi ne suke fitar da yara 'yan makarantar reno waje kusan kullum, har jarirai ma ana kwantar da su barci a keken turawa a waje, an lulluɓe su da kyau.

Wani kuma zai ce: akwai haɗari. Wannan magana ce mai nauyi, kuma mutanen yankin sun fi kowa sanin ta. A watan Janairun 1719, sojojin Sweden ƙarƙashin Janar Armfeldt suna komawa gida ta tsaunukan da ke arewa da Roros, guguwar ƙanƙara ta rutsa da su, kimanin mutum 3,000 suka halaka a kan dutse. Don haka suna da ƙa'idojin shiga tsauni da ake koya wa yara, waɗanda aka sabunta a 2016: ka duba hasashen yanayi, ka sanar da wani inda za ka, ka ɗauki kayan da suka dace, kuma ka juya da wuri in abu ya canza, babu abin kunya a ciki. Baƙo kada ya taka tafkin da bai ga 'yan gari a kai ba, kuma kada ya fita shi kaɗai. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Amma shi zaman ɗakin fa, ba shi da haɗari? Likitoci sun daɗe da sanin wani nau'in ciwon damuwa da ke zuwa da gajerun ranakun hunturu, mai kawo kasala da yawan barci da ƙuncin zuciya. Hasken rana a ido, ko da ta bayan gajimare ne, yana taimakawa wajen daidaita barci, motsa jiki kuma yana sauƙaƙa ƙunci. Ga kaɗaici, wanda yake jan matashi zuwa raba dare a intanet, ya wayi gari bai yi karatu ba, bai huta ba. Zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi. Sai dai a lura: a waɗannan ƙasashe ranar hunturu ba ta da ƙarfin da fata za ta samar da sinadarin bitamin D, balle fata baƙa. Shi ya sa suke shan man hantar kifi, kuma ya kyautu ɗan uwa ya nemi shawarar likita a kan haka.

Akwai abubuwa biyu da suka shafe mu a matsayinmu na Musulmi. Gajartar yini tana sa Azahar da La'asar da Magariba su zo kusa da juna, don haka mai fita ya duba jadawalin salla, ya yi alwala kafin ya bar gida, ya tsara tafiyarsa a kai. 'Yan uwa mata kuma su sani cewa kayan hunturu suna rufe jiki daga kai har ƙafa, kuma ana samun masu yalwa, saboda haka wannan na daga cikin wasannin da za su iya shiga cikin natsuwa tare da 'yan uwansu.

Shawarata mai sauƙi ce. A wannan makon, ka nemi abokai biyu, ku sa rana. Ku fara da tattakin rabin awa da tsakar rana. Mako mai zuwa ku tambayi inda ake aron kaya, ku gwada ski a hanyar da ke da fitilu. Za ku faɗi, yara ƙanana za su wuce ku suna dariya, ku ma ku yi dariyar ku tashi. Lafiyar da kuka bar gida da ita amana ce, kuma iyaye suna jiran ku dawo da ita tare da takardar shaidar karatu.

Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya kare 'yan uwanmu da ke baƙunta, Ya mayar da su gida lafiya. Amin.

Wassalamu alaikum.