Kanka Naka Ne, Amma Ba Naka Kai Kaɗai Ba

Jama'ar Safo, babur ya zama jakin zamani. Da shi ake kai gero kasuwa. Da shi ake kai mai naƙuda likita. Ƴan kabu-kabu suna zirga-zirga tsakanin Safo da Maraɗi da Madarunfa tun asuba har dare. Amma ku tsaya bakin hanya ku ƙirga: mutum nawa ne ke sanye da hular kwano? Yatsun hannu ɗaya sun ishe ku.

In ka yi wa mutum magana, sai ya ce: "Kaina ne, ina ruwan wani?" To, ɗan'uwa, ni na ce da ruwan wani. Ranar da ka faɗi, ba kai za ka ɗauki kanka ba. Ba kai za ka sayar da tumaki a biya magani ba. Gonarka wa zai nome ta? Ƴaƴanka wa zai ciyar da su? Ikon kai gaskiya ne. Kana da ikon zaɓen abin da za ka shuka da inda za ka je. Amma ikon da zai bar mata da takaba, ya bar yara da maraici, wannan ba iko ba ne, ganganci ne.

Ku duba yadda abin yake. Ƙwaƙwalwa taushi gare ta kamar kindirmo cikin ƙwarya. In kai ya bugi ƙasa, sai ta bugi ƙashi daga ciki, jini ya taru. Karayar ƙafa maɗori yana gyara ta. Ƙwaƙwalwa ba ta da maɗori. Mai gudun kilomita 50 a awa, in ya yi karo da icce, daidai yake da wanda ya faɗo daga tsawon mita 10, wato kamar daga kan giginya. Hular kwano tana da ɓawo mai tauri a waje, da soso mai kauri a ciki. Su ne ke shanye bugun kafin ya kai ga kai.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a shekarar 2023 cewa haɗarin hanya yana kashe mutum fiye da miliyan 1 kowace shekara, kuma in an duba yawan jama'a, Afirka ce ta fi shan wannan asara. Ta ce hula mai kyau, wadda aka ɗaure daidai, tana rage raunin ƙwaƙwalwa har da kashi 74 cikin 100.

Wani zai ce: "Abin da Allah ya rubuta ba makawa." Haka ne. Amma wa ya taɓa barin rumbunsa ba rufi da damina don ya dogara ga Allah? Kana ɗaure akuyarka da dare. Kana kulle babur ɗinka don ɓarawo. Ashe babur ya fi kanka daraja?

Wani ya ce zafi. Gaskiya ne, ranar bazara ba wasa ba ce. Amma gumi ana share shi da hannun riga. Wani ya ce tsada. Wanda ya iya sayen babur, hular da ba ta kai kuɗin tunkiya ba ba za ta gagare shi ba. Wata ta ce ba ta sa hular da kowa ya sa, don ƙwarƙwata da makero. Sai ta ɗora ta a kan kallabinta, namiji kuma a kan ƴar hula marar kauri.

Kada kuma mu yi wa kanmu wayo. A watan Janairu na 2009, da aka tilasta sa hula a Najeriya, an ga ƴan acaɓa a Kano sun kifa ƙwarya da tukunya a ka, don su tsere wa tara. Sun ruɗi ma'aikacin hanya, amma kwalta ba a ruɗinta. Haka nan mai rataye hula a hannun babur, sai ya hango jandarma ya sa. Haka nan mai sa ta ba tare da ɗaure igiyar haɓa ba: ita ce za ta riga shi faɗuwa. Rawani ba hular kwano ba ne. Hular magina ma ba ita ba ce. Hular da ta taɓa shan bugu mai ƙarfi ta gama aikinta, sai a canza.

Abin kuma mai yiwuwa ne. A Kigali, babban birnin Ruwanda, ɗan kabu-kabu hula biyu yake ɗauka, tasa da ta fasinja. Su ma talakawa ne masu neman na tuwo kamar namu.

Sauran jiki ma yana da hakki. A sa takalmi rufaffe, a bar silifa. Mai babbar riga ya naɗe ta, mace ta tattara zanenta da hijabinta, kada taya ko sarƙa ta kama.

Ga kirana. Masu sayar da babura a Maraɗi, kada babur ya fita shago ba hula. Shugabannin ƴan kabu-kabu, marar hula kada ya shiga layi. Masu gari da limamai, ku faɗa wa jama'a. Mata, kada ku bar maigida ya fita da kai tsirara. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya kiyaye hanya.