A Bar Yaro Ya Faɗi Karatunsa da Bakinsa

Iyaye, malamai, shugabannin makarantu, da ku nake. Ƙarshen kowane zango yaranmu suna dawowa gida da katin sakamako, tambayarmu kuma ɗaya ce: "Na nawa ka zo?" In ya ce na uku a shafa kansa, in ya ce na arba'in a ja kunnensa, an rufe zancen karatu sai wani zangon. Alhali lambar nan ba ta gaya maka ko ɗanka ya iya karanta wasiƙa, ko 'yarka ta gane rabawa a lissafi. Rahoton da Bankin Duniya da UNICEF da abokan aikinsu suka fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa a ƙasashen Afirka kudu da Sahara, kusan tara cikin goma na yara 'yan shekara goma ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su fahimce shi. Ko a ajin da babu wanda ya iya karatu, ai dole wani ya zo na ɗaya.

Makarantu da dama a Amurka da wasu ƙasashe sun sauya tsarin ranar ganawa da iyaye, suka bai wa ɗalibi jan zaman. Tun saura makonni yake tattara ayyukansa: wanda ya fi alfahari da shi, wanda ya sha masa kai, da rubutun farko kusa da wanda ya gyara. Ranar, sai ya zaunar da mahaifinsa ko mahaifiyarsa, ya buɗe littafi, ya karanta, ya warware lissafi ɗaya a gabansu, ya ce nan na iya, nan ban gane ba tukuna, ga abin da zan yi a zango mai zuwa. Malami yana gefe, ba ya sa baki sai in yaron ya maƙale. Minti goma sha biyar ko ashirin sun isa.

Na san wani zai ce wannan ba tarbiyyarmu ba ce, yaro ba ya jan magana a gaban manya. To ranar walimar saukar Alƙur'ani, wa ke riƙe allo ya karanta a gaban malamai da dangi? In aka ce maka ɗanka ya haddace izu biyar, takarda kake nema, ko kuwa cewa kake "zauna ka biya in ji"? Mun daɗe da sanin cewa a bakin mai karatu ake gane karatu. A boko ne kawai muka yarda a ba mu lamba mu yi shiru. Kunya kuwa ado ce, amma yarinyar da ba a taɓa ba ta dama ta bayyana abin da ta sani cikin ladabi ba, gobe ita ce za ta kasa buɗe baki a gaban likita ko masu ɗaukar aiki.

Malamai, na san aji yana kai ɗalibai ɗari a wasu makarantun gwamnati. Ku raba su goma-goma, kowane yaro da bencinsa da nasa iyayen, ku kuna zagayawa, a kwana biyu ko uku an gama. A yi da Hausa, domin uwa ta ji ta kuma tambaya. A sa lokacin da mata za su iya fitowa. In uba yana kasuwa ko gona, kawu ko yaya ko kaka su zo. Kada yaro ya shirya ya zauna shi kaɗai yana kallon ƙofa.

Ke uwa da ba ki yi boko ba, kada ki ce ba ki da abin cewa. Kunnenki zai bambance mai karatu da mai lalube. Ki ce, "Karanta mini wannan, sannan ka gaya mini abin da yake nufi." Kai kuma uba, ka bar bulala a gida. Ranar da yaro ya ce "Baba, ban gane wannan ba" aka mare shi, ba zai ƙara faɗin gaskiya ba, kuma wannan gaskiyar ita muka zo nema. Ka tambaye shi me zai taimake shi: fitila ce da dare, ko a rage masa talla da aike bayan la'asar?

Ba kuɗi ake buƙata ba, balle a ce sai gwamnati ta turo. Kwamitin kula da makaranta (SBMC) da ƙungiyar iyaye da malamai suna iya tsayar da wannan a zama ɗaya. Ku je wurin hedimasta wannan makon, ku ce a fara da aji huɗu na firamare, a sa rana kafin hutun zangon nan, a sanar a masallaci da gidan mai unguwa, kuma ranar ku zo.