Tsarabar Santambul

A 'yan shekarun nan da wuya ka sami unguwa a Kaduna wadda ba ta da mutumin da ya taka Santambul, tsohon babban birnin Daular Turkawa. Mu nan Malali mun yi wa da yawa barka da sauka. Wasu fatauci ya kai su, wasu karatu, wasu neman magani, wasu kuwa zango kawai suka yi a kan hanyarsu ta Umra. Sun komo da akwatuna cike da tufafi da takalma da labule da dardumai daga kantunan Laleli, har akwai masu auno ƙofofin ƙarfe. Mun gode da tsaraba. Amma akwai wata tsarabar da muke ganin sun baro can, ita ce kuwa muka fi bukata.

Sunan birnin nan ba baƙo ba ne a kunnen Bahaushe. Kakanninmu sun san labarin Sarkin Santambul, kuma tun a ƙarni na 16 Mai Idris Alauma na Barno ya aika da jakadu wurin Sarki Murad na Uku. Dā ji ake yi, yanzu gani ya kori ji.

In ka zauna da matafiyan nan, kusan bakinsu ɗaya. Za su ba ka labarin Ayasofiya, wadda aka gama gininta a 537. Majami'ar Kirista ce dā, ta zama masallaci a 1453 da Sarki Muhammadu Fatih ya ci birnin, aka mai da ita gidan kayan tarihi a 1934, ta sake komawa masallaci a 2020. Za su ce sun yi salla a masallacin Sarki Ahmadu mai hasumiya shida, sun ziyarci kabarin Sahabi Abu Ayyubal Ansari, sun ga ganuwar dutse da aka gina a 413 tana nan tsaye. Daga nan sai su yi ajiyar zuciya su ce ai Turkawa sun iya gini, shi ke nan a rufe hira.

To, a nan muka rabu da su. Iya gini kaɗai ba ya tsai da soro shekara dubu da ɗari huɗu a ƙasar da girgizar ƙasa take yawan aukuwa. Ƙubbar Ayasofiya ta farko ma ta rufta a 558, aka sake ta. Abin da ya riƙe gine-ginen nan shi ne, duk wanda ya gina abu sai ya bar masa abin da zai ci. Babbar kasuwar nan mai rufi, wadda matafiyanmu ke ɓacewa a cikin lungunanta, Sarki Fatih ya kafa harsashinta ne don kuɗin hayar rumfunanta su riƙa tafiya hidimar Ayasofiya. Masallacin Sulaimaniyya kuma, wanda gwanin magina Sinan ya gama a 1557, an gina shi tare da makarantu da asibiti da gidan ciyar da miskinai da kantuna, aka yi masa waƙafi, aka rubuta albashin limami da ladani da mai shara da mai gyara. Watau tun ran da aka aza tubalin farko an san aljihun da za a ɗebi kuɗin yaɓe.

Yanzu mu waiwayo gida. Muhammadu Rumfa ya hau gadon Kano a 1463, shekara goma tak bayan cin Santambul, shi ne kuwa ya kafa Kasuwar Kurmi. Ashe Kurmi da kasuwar da ake zuwa kallo a Santambul sa'o'in juna ne! Ganuwar Kano ma ta girme su, gama tun zamanin Sarki Gijimasu, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134, aka fara ta. Amma wanda ya bi gefenta a yau ya san abin da zai gani: nan an yanke an yi shago, can an haƙe an buga tubali, gaba kaɗan an mai da ita juji. Ta Zariya da ta Katsina su ma haka. Hukumar UNESCO ta sa tsohon birnin Santambul cikin wuraren tarihi na duniya tun 1985. Ganuwar Kano an gabatar da sunanta a 2007, muka koma muka ci gaba da cinye ta.

Kada wani ya ce wannan maganar masu son kallon tsofaffin abubuwa ce kawai. A watan Agusta na 2023 wani sashe na tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu na wajen 1830 da 'yan kai, ya rufta wa mutane suna cikin sallar La'asar, aka yi asarar rayuka. Allah ya jiƙansu. Tsohon ginin da ba a kula da shi yana iya tafiya da mutane, ba tarihi kaɗai ba.

Mun san amsar da za a ba mu. Za a ce nasu na dutse ne, namu na ƙasa, ruwan damina uku ya isa ya kwantar da shi. Gaskiya ne. Amma babban masallacin Jenne a ƙasar Mali na ƙasa ne, an sake gina shi a 1907, ga shi nan tsaye, don kowace shekara mutanen garin suna fitowa ƙwansu da kwarkwata su yaɓe shi. Kakanninmu ma haka suka riƙe ganuwa, da aikin gayya bayan ɗaukewar ruwa. Ginin ƙasa ba ya neman wani abu mai wuya: yaɓe a kan kari, makuba, gyaran indararo, da canja azarar da gara ta ci. Kuma kada a ɗauka Turkawa ba su yi ɓarna ba. Tsakanin 1956 da 1960 sun rushe tsofaffin gine-gine masu yawa don buɗe manyan hanyoyin mota, har yau masanansu suna cizon yatsa. Wanda ya ga inda na gaba ya faɗa bai kamata ya bi sawunsa ba.

Saboda haka muna da roƙo uku. Na farko ga malaman ofis na ƙananan hukumomi, magadan En'e, waɗanda takardar fili ke bi ta hannunsu: duk takardar da ta taɓa gindin ganuwa ko tsohuwar ƙofa, a dakata a duba kafin a sa hannu. A kuma ware wa gyaran irin waɗannan wurare layinsa a ƙiyasin kuɗin kowace shekara, kome ƙanƙantarsa.

Na biyu ga malaman makaranta. Kaduna sabon gari ne, a 1917 ya zama hedkwatar Arewa, amma bai rasa abin nunawa ba. Ga gadar Lugga da aka ɗauko daga Zungeru, ga Gidan Arewa inda Sardauna ya zauna, ga ma'ajiyar takardun tarihi, Zariya kuwa tafiyar sa'a guda ce. Yaron da aka kai ya ga ɗaurin guga da idonsa, aka gaya masa sunan maginin da ya yi shi, da wuya ya girma ya sa diga a jikinsa.

Na uku ga attajiran da Allah ya hore wa zuwa Santambul. Kuna gina masallatai, madalla. To, ku gina wa kowanne shaguna uku ko huɗu, ku yi waƙafinsu a rubuce gaban alƙali da shaidu, don kada bayan ranku a koma yawo da kwano duk ran da rufi ya yi yoyo. Waƙafi ba al'adar Turkawa ba ce, shari'armu ce, yana nan a cikin littattafan fiƙihun da muke karantawa a zaure.

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilmi. Darduma za ta koɗe, takalmi zai cinye, amma wannan tsarabar in aka kawo ta gida, jikoki ma za su samu. Allah ya sa mu gane, amin.